Madubin da Ya Ƙi Shiga Firam

Duk wanda ya ce maka tsufa ne ya raba Mai Gilashi da teburinsa, ka ce masa ƙarya yake yi. Mutane ne suka raba shi da shi, kuma ba baƙi ba, mutanen gidansa, waɗanda teburin nan ya ciyar da su ya tufatar da su har suka yi bakin magana.

Tun yana saurayi ya shiga yankan gilashi, a shagon wani mai haɗa tagogi wanda ba ya koyarwa da baki, sai da ranƙwashi. Daga can ya fito da hannu duk tabo da kuma zuciya mai saurin tafasa. Ba ya ha'inci, ba ya riƙe aikin mutane, ba ya yi maka alƙawarin gobe alhali ya san jibi yake nufi. Amma in ka kuskura ka ce masa awonsa bai yi daidai ba, to nemi wurin zama, domin yini za ku yi. Matarsa takan ce da a ce ana sayar da gardama, da tuni sun gina bene.

Shagon dogon ɗaki ne a layin masu sana'a, mai walda a dama, mai gyaran kujeru a hagu. An raba shi biyu da bangon katako, an bar ƙofa marar murfi a tsakani. Gaba na kafinta ne, baya na Mai Gilashi. A bayan nan akwai faffaɗan tebur da aka lulluɓe da tsohon bargo, da fallayen gilashi da madubi jingine a bango, da bokitin fasassu, da wani gwangwanin kananzir inda abin yankansa yake kwana da kansa a ƙasa. Taga ɗaya ce, kuma ya hana kowa ajiye ko tsinke a gabanta.

Kafintan farko amininsa ne, ana ce masa Dogo. Su biyun suna da wata hanyar aiki da suke ji da ita. In Dogo zai yi firam, ba ya kawo shi baya, ba ya kiran abokinsa ya zo ya duba. Daga inda yake zai ɗaga murya ya ce tsawo kaza, faɗi kaza. Mai Gilashi ya amsa da "Na ji." Shi ke nan. In an gama a haɗa, gilashi ya faɗa gurbinsa ya zauna daram. A ganin Mai Gilashi, ɗaukar kwali a ɗora a kan firam a bi bakinsa da fensir aikin 'yan koyo ne, irin waɗanda ba su yarda da kansu ba. Mutum biyu da suka san awo ba sa bukatar ganin aikin juna.

Mai kusurwa huɗu kam ba abin faɗa ba ne, kowa ma ya iya. Inda ya yi suna shi ne madubi mai siffar ƙwai. Haka suke kiransa a layin, ƙwai, ko da yake shi kansa yakan yi musu, ya ce ƙwan kaza yana da gefe mai kauri da gefe mai tsini, nasa kuwa kai biyun duk ɗaya ne. Yadda yake fitar da shi kuwa, sai ya shimfiɗa kwali, ya ja layin tsawo, ya ja layin faɗi ya gicciya shi a tsakiya. Daga ƙarshen layin faɗin sai ya miƙa tef, ya auna rabin tsawon, ya karkato da shi har ya taɓa layin tsawo a dama, ya buga ƙusa a nan, ya yi haka a hagu ya buga ta biyu. Sai ya ɗaura zare daga ƙusa zuwa ƙusa, tsawon zaren daidai da tsawon madubin. Ya sa fensir ya ɗame zaren, ya zagaya. Ƙwai ya fito sumul, ya yanke kwalin, ya ɗora a kan madubi ya bi da abin yanka. Ba wanda ya taɓa gaya masa dalilin da ya sa hakan ke yi. Ya dai san yana yi, kuma bai taɓa ba shi kunya ba.

Da Dogo ya rasu, Allah ya jiƙansa, ɗansa ya gaji gaban shagon. Ɗan Dogo ake ce masa, duk da cewa gajere ne, sai ya taka benci yake sauko da katako daga saman kanta. Bayan wani lokaci ya auri autar Mai Gilashi, wadda take koyar da lissafi a makarantar sakandare, kowa kuma Auta yake ce mata har 'yan ajinta a bayan idonta. A faɗi gaskiya, yaron ba rago ba ne. Yana da hannu, yana da ladabi, kullum da safe sai ya leƙo ya rusuna ya ce, "Baba, an tashi lafiya?" Sai dai yana gaisuwar idonsa na auna ɗakin. Ya daɗe yana son sayen babban injin yankan katako, kuma ba inda zai zauna sai inda teburin bargon nan yake. Ya taɓa kawo maganar sau ɗaya, a kaikaice. Tsohon ya ce masa, "In na mutu ka sa har jirgi." Daga ranar bai sake ba.

Ana nan sai wata mai shagon gyaran gashi ta zo tana son madubi dogo siriri, wanda mace za ta ga kanta tun daga gashi har gwiwa, da firam mai faɗi da za a yi wa sassaƙa. Ɗan Dogo ya yi aikinsa, ya ɗaga murya yadda ya ji ubansa yana yi.

"Baba, ƙwai ne. Tsawo ɗari da talatin, faɗi hamsin!"

"Na ji."

Ya zana, ya yanka, ya goge bakin. Aka kawo aka ɗora a kan firam, madubi ya ce bai san zance ba. Sama ya yi daidai, ƙasa ya yi daidai, ciki biyun sun yi daidai. Amma a kafaɗu huɗu, wato inda gefe ke fara lanƙwasawa zuwa kai, madubin ya hau kan katako da kusan kaurin ƙaramin yatsa.

Mai Gilashi ya zaro tef ya auna madubinsa: ɗari da talatin, hamsin. Ɗan Dogo ya auna ramin firam ɗinsa: ɗari da talatin, hamsin. Suka dubi juna.

"Wataƙila zaren ne ya saki, Baba," in ji Ɗan Dogo a hankali.

"Zaren wa?"

"A'a, cewa na yi wataƙila."

Tsohon ya koma baya yana huci, ya ɗauko sabon zare, sabon kwali, sabon fallen madubi, ya sake komai daga farko. Na biyun ya fito tamkar an haife su tare da na farko, kuma ya ƙi shiga a daidai wuraren da na farko ya ƙi. Ɗan Dogo ya ce bari ya ɗan danna, kafin a ce masa kul ya danna, madubi ya tsage tun daga kafaɗa har tsakiya. Mai gyaran gashi kuwa, da ta zo ta tarar da haka, ta tafa hannu ta ce ita fa an gaya mata tsohon nan gwani ne. Ta faɗa da ƙarfi, mai walda ya ji, mai gyaran kujeru ya ji.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba a yi nisa ba aka fara maganar ido. Ba wanda ya faɗa masa kai tsaye, ina, wa zai iya? Sai dai ya ga matarsa ta fara karanta masa abin da ke jikin kwalbar magani ba tare da ya tambaya ba. Mai walda, wanda a da sai dai su yi ta zolayar juna, ya fara ce masa, "Baba, a kula da dakalin nan." Dakalin da ya taka tun mai waldan yana rarrafe!

Sai kuma babban ɗansa ya zo gida takanas. Akawu ake ce masa saboda aikin ofis yake yi, kuma ko ruwa zai roƙa sai ya yi gabatarwa. Ya zauna a falo, ya haɗa yatsu, ya yi ta kewaye-kewaye: Baba ya yi ƙoƙari, Baba ya wahalta musu, lokaci ya yi da Baba zai miƙe ƙafa. Gilashi ba abin wasa ba ne, yau madubi ne ya fashe, gobe in jijiya ce fa?

"Ka gama?" in ji tsohon.

"Ai don lafiyarka ne, Baba."

"Kai ka taɓa yanka ko gilashin fitila? Ka taɓa riƙe tef? To da wane bakin za ka ce idona ya tafi?"

"Madubi biyu fa, Malam," in ji matarsa daga bakin ƙofa. "Biyu. Ka bar musu haka, ka huta."

Wannan ce ta soke shi. Na Akawu bai dame shi ba, yaro ne, ko da furfura a haɓarsa. Amma ita, da ta san hannun nan tun babu tabo ko ɗaya a jikinsa! Ya tashi ya fita.

Abin haushin shi ne maganar ta bi shi. Yana tafiya a titi sai ya tsinci kansa ya rufe ido ɗaya da tafin hannu yana karanta allon shaguna, sannan ya sauya ya rufe ɗayan. Yana karantawa sarai, har ƙananan lambobin waya da ke ƙasa. Amma da ya sauke hannun sai wata zuciya ta ce masa, to me ya hana madubin shiga? In zai sha ruwa sai ya tsaya yana kallon kofin, ko yana rawa. Mutumin da bai taɓa tambayar hannunsa komai ba, yau shi ne yake sa masa ido kamar an kawo masa baƙon yaro.

Da abin ya ishe shi sai ya cusa ƙusoshi da zare da tef a aljihu, ya ɗauki 'yar gudumarsa, ya nufi makarantar Auta bayan an tashi yara. Bai taɓa shiga ba. Ya same ta ita kaɗai a aji tana duba aikin ɗalibai, alli ya yi mata fari a hannu, kujeru a warwatse kamar an yi gudun gobara.

"Baba! Lafiya?"

"Lafiyar ke nan. Ke ce malamar lissafi ko ba ke ba ce? To yau ki yi mini lissafi. Ko dai idona ya mutu, ko kuwa akwai abin da ke faruwa. In ya mutu ki gaya mini, daga bakinki zan yarda."

Ta so ta zame. Gaba uba, baya miji, wa zai so wannan alƙalanci? Ta ce ai a bari a huce tukuna. Ya ja kujerar ɗalibi ya zauna, gwiwoyinsa har ƙirji, ya ce shi ba inda za shi.

Akwai wani fallen katako da ya rage daga gyaran rufin ajin, jingine a baya. Suka kwantar da shi a ƙasa. Ya durƙusa ya ja layukansa, ya miƙa tef, ya buga ƙusoshinsa, ya ɗaura zare ya zagaya ya fitar da ƙwansa. Ita kuma ta je allo ta rubuta: rabin tsawo sittin da biyar, rabin faɗi ashirin da biyar. Ta ninka kowanne da kansa, ta ɗebe ƙaramin daga babban, ya rage dubu uku da ɗari shida. Ta ce lambar da za a ninka da kanta ta ba da haka ita ce sittin.

"Auna daga tsakiya zuwa ƙusarka, Baba."

Ya auna. Sittin cif. Ya auna ɗayar, sittin.

"To?" ya ce a fusace. "To?"

"Naka daidai ne. Mu a littafi elifs muke ce masa, kuma dokarsa ɗaya ce. Duk inda ka tsaya a bakinsa, nisanka zuwa wannan ƙusa da nisanka zuwa waccan, in ka haɗa su, tsawon zaren nan ne, ba ƙari ba ragi."

"Wannan na san shi tun uwarki ba ta san za ta haife ki ba. Abin da ban sani ba shi nake tambaya."

Ta ƙura wa katakon ido. Can ta ce, "Ka san ta ina shi maigidana ya fara nasa zanen? Ramin ya fara zanawa, ko bakin waje?"

Mai Gilashi bai sani ba. Taku kaɗan ne tsakaninsa da bencin surukinsa, amma bai taɓa tsayawa ya ga yadda yake zane ba. Auta ta ce ita ta gani. Mai gyaran gashin ta ba da awon bangon shagonta ne, don haka ya fara da bakin waje, ɗari da sittin da tamanin, ya zana da ƙusa da zare yadda ya kamata. Sannan ya ɗauki ɗan katakon awo, ya bi bakin yana shigowa ciki da sha biyar ko'ina, ya haɗa ɗigon ya yanke ramin.

"To ai daidai ne," in ji tsohon. "Ƙwai a cikin ƙwai."

"Mu gwada mana."

Suka gwada a kan zanen farko, tsakiya ɗaya. Ya fitar da babban da zare, ita tana duba ƙusoshin da lissafi, suka faɗa a sittin da tara da 'yan kai. Sannan ya bi bakinsa da tef yana shigowa da sha biyar, ɗigo bayan ɗigo, har ya zagayo. Da ya haɗa ɗigon ya ja da baya, sai ga layi biyu. A sama sun haɗu, a ƙasa sun haɗu, a ciki biyun sun haɗu. A kafaɗu huɗu kuwa sun rabu, layin ɗigon ya shige ciki, na zaren yana waje. Ya ɗora ƙaramin yatsansa a tsakani, ya cike wurin.

"La ila!" ya ce.

"Da da'ira ce, da ya yi," in ji Auta. "Da'ira ƙusarta ɗaya ce a tsakiya, in ka shigo da awo ɗaya ko'ina wata da'irar za ka samu. Shi ya sa kowa ke zaton ƙwai ma haka ne. Amma shi in ka shigo ciki haka, abin da zai fito kama kawai yake yi da ƙwai. Tsawonsa daidai, faɗinsa daidai, amma kansa ya fi tsini, kafaɗunsa sun fi faɗawa. Babu ƙusa biyu a duniya da za su zana shi."

"To me ya sa ban taɓa gani ba, duk shekarun nan?"

Shi da kansa ya ba kansa amsa kafin ta yi magana. Dogo ramin yake fara zanawa da zare, sannan ya fita waje. Kuma firam ɗin da suka saba yi sirara ne, ƙwan kuma mai ƙiba, ɗan bambancin yakan ɓace a cikin gurbi. Wannan ne karo na farko da aka haɗa dogo siriri da firam mai faɗi.

Ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara, ya ce gobe za ta zo shago ta faɗa a gaban kowa.

"Baba, so kake in tsaya a gaban mijina in ce shi ya yi kuskure?"

"So nake ki faɗi abin da katakon nan ya faɗa. Da aka ce uban naki ya makance, a gaban wa aka ji kunya?"

Ta sunkuyar da kai. Sannan ta ɗago, don ita ma 'yarsa ce, zuciyar ba a ƙasa ta tsinta ba. "Zan faɗa. Amma kai ma da naka. Da ka taka ka je ka ɗora kwali a kan firam ɗin tun madubin farko, da duk ba a kai nan ba."

Ya yi tsaki ya ce wannan wata magana ce daban.

Washegari da rana aka hallara a shago, har da matarsa da Akawu. Mai Gilashi ya sa an ɗauko fallen katakon a kan amalanke, aka jingina shi a bakin ƙofa inda mai walda da mai gyaran kujeru za su gani. Auta ta yi bayani, muryarta ƙasa-ƙasa, ba ta dubi mijinta ba. Tsohon yana tsaye ya harɗe hannu, ya shirya wa musu, ya tanadi amsar kowace magana tun da asuba.

Musun bai zo ba. Ɗan Dogo ya duba layukan, ya shafa kai, ya ce, "Kai! Ashe haka ne. Wallahi ban sani ba. Baba, ka yi haƙuri, laifina ne." Akawu ya gyaɗa kai ya ce lallai ilimi kogi ne. Shi ke nan fa. An shafa wa mutum kashin kaji a layi guda, an sa matarsa ta yi shakkarsa, sannan a wanke da "ka yi haƙuri" guda ɗaya, kamar an taka masa ƙafa a kasuwa!

Duk da haka ya haɗiye. Ya ce to, magana ta ƙare, kowa ya koma bakin aikinsa.

Akawu ya yi gyaran murya. "Sai dai, Baba, ita maganar hutun tana nan. Injin ma yana hanya. Ai tun kafin zancen madubin nan muka gama magana da mai shi."

"Tun kafin me?"

Akawu ya gane ya yi suɓul da baka, amma bakin alƙalami ya bushe. Ɗan Dogo ya shiga kakkaɓe garin katako daga rigarsa. Uwar yaran ta juya tana kallon titi. Mai Gilashi ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya a kan Auta.

"Har da ke?"

"Na san da maganar injin, Baba. Na ɗauka za su zo su roƙe ka ne. Ban san da ido za su biyo ba."

"Ɗaki kuke so," ya ce, a hankali tukuna, sannan muryar ta hau. "Ɗaki! Ku zo ku ce, Baba, muna son ɗaki. In zage ku, in kore ku, ku dawo, in sake zagin ku, wata rana in ba ku. Ba haka ake yi da uba ba? Amma kun ga madubi ya ƙi shiga, faɗuwa ta zo daidai da zama, sai kuka ce idona. Ba ɗayanku da ya ce bari mu duba katakon. Kun san abin da kuka sa ni? Ni, ni, ina tafe a titi ina rufe ido ɗaya kamar mahaukaci!"

Mai walda ma ya kashe injinsa.

Ɗan Dogo ne ya yi ƙarfin hali ya ce matar nan fa har yanzu tana jiran madubinta, kuma ba wanda zai yanka shi sai Baba. Wataƙila da kyakkyawar niyya ya faɗa. Tsohon ya dube shi ya daɗe, sannan ya ɗauki kwali ya taka zuwa gaban shagon, ya kifa firam ɗin a kai, ya bi bakin ramin da fensir. Abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa ke nan, kuma ya yi shi ne a gaban mutane. Ya yanke kwalin, ya koma baya, ya kwantar da sabon fallen madubi a kan bargo, ya goge shi, ya ɗora kwalin, ya zaro abin yanka daga kananzir.

Duk suka biyo shi suka kewaye teburin. Shi kuwa yankan gilashi ja ɗaya ake yi masa. In ka dasa bakin abin yanka, sai ka tafi da nauyi ɗaya, kana jin ƙararsa siririya kamar ana yaga sabon yadi, ba tsayawa, ba komawa baya, har ka dawo inda ka fara. Hannun da ya tsaya yin tunani ya ɓata aiki.

Ya dasa, ya fara ja. Ƙarar ta tashi daidai.

"A hankali, Malam," in ji matarsa.

"Baba, ko a kunna fitila?" in ji Akawu, da rana tsaka, taga a buɗe.

Ɗan Dogo ya miƙo hannu ya dafe gefen kwalin, wai kada ya goce.

Ya kai kafaɗar farko, inda layin ke lanƙwasawa. A nan ya ga hannun surukinsa, ya ji numfashin mutum huɗu a kansa, kowa na jiran ya ga ko zai iya. Sai ya dubi nasa hannun, abin da bai taɓa yi ba a tsakiyar yanka. Ƙarar ta yanke. Ɗan tsayawa ne, bai kai ƙiftawar ido biyu ba, ya ci gaba ya zagayo har ƙarshe. Amma shi ya sani. Da ya juya madubin ya danna bayan layin da babban yatsa, tsagar ta bi hanya tiryan-tiryan har zuwa kafaɗar nan, sannan ta saki layi ta ratsa tsakiyar madubin.

"Ba komai, Malam," in ji matarsa da sauri. "Ba komai."

Akawu ya numfasa ya ce, "To ka gani, Baba, abin da muke..."

"Yaya, rufe mana baki!" Auta ce, da tsawa, hawaye na zubo mata. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

Mai Gilashi ya ajiye abin yankan a kan bargo. Ya goge hannunsa a rigarsa, ciki da baya. Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ban tsoro.

"Waɗancan biyun lafiya ƙalau na yanka su, kuka ce idona ne," ya ce. "Wannan kam ya ɓaci. Ku ɗauka, naku ne, ku kuka yanka shi."

Ya ratsa ta tsakaninsu, ya wuce bencin kafinta, ya sauka daga dakalin ya tsallaka titi. Akawu ya ɗaga ƙafa zai bi shi ya riƙe masa hannu, uwarsa ta kama rigarsa ta ce ya bar shi.